Takalman Motar Baba

Daga Allah muka zo, gare Shi za mu koma, Baba dai ya riga mu kama hanya. Ya cika da hantsi a gidanmu na Omdurman, a kan gadonsa na igiya da muke kira angarib, kuma a kan gadon nan maza suka ɗauke shi zuwa makabarta kamar yadda ake yi a nan. Kafin la'asar an fara kafa wa maza rumfa a bakin layi, an shimfiɗa wa mata tabarmi a tsakar gida, an ɗora tukunyar shayi.

Kowa da irin kukansa. Goggo, ƙanwar Baba, ta daure har sai da ta ga hularsa rataye a ƙusa, sannan ta zube. Yayana ya bugo waya daga Saudiyya, yana kuka layin yana yankewa. Tsofaffin 'yan matafi, wato masu kashe gobarar da Baba ya yi aiki da su, suka zo tare cikin fararen jallabiyoyi. Ina daga bakin ƙofa na ga masu rumfa za su kafa ƙarfe, sai ɗaya daga cikin tsofaffin ya tsayar da su, ya daddaki wurin da diddige, ya karkata kai kamar mai sauraron ƙasa. Sauran suka kwashe da dariya. Wani ya ce, “Wallahi haka marigayin yake yi.” Dariyar ba ta kai ƙarshe ba ta koma hawaye, suka shiga share ido da bakin rawani.

Amma kukan da ya danne na kowa na 'Yar Tsani ne. Tun daga kan kwana muka jiyo ta: “Yaba! Wayyo Yabana!” Ta shigo mayafi na jan ƙasa, ta faɗi a tsakiyar tabarma. Matan da ba su san gidan sosai ba suka rufe ta, suna rungumarta, suna cewa, “Al-baraka fikum, sai haƙuri, uba ba ya dawowa.” Ni kuwa ina tsaye da tiren shayi. Wata dattijuwa ta ɗauki kofi daga hannuna ta ce, “Allah ya biya ki, 'yata. Ke maƙwabciyarsu ce?” Ni da aka binne cibiyata a bayan ɗakin nan.

Ba zan yi wa kowa ƙarya ba, na ji kishi ranar, kuma ba ranar na fara ba. Baba ya tafi bai amsa mini tambayar da na daɗe ina ɗauke da ita ba: tsakanina da wannan mata da ba ta haɗa jini da mu ba, wace ce 'yarsa a zuciya?

Baba direban motar tsani ne a wata tashar kashe gobara a Khartum, har ya yi ritaya. Motar tana da dogon tsani a gadon bayanta, wanda ake miƙawa zuwa saman bene. Kafin a ɗaga shi, sai an fito da ƙafafun ƙarfe huɗu daga gefunan motar, su dafa ƙasa su riƙe ta, don kada nauyin tsani da na wanda ya hau ya kifar da ita. Ƙarƙashin kowace ƙafa kuma ana sa faffaɗan katako mai kauri, don nauyin ya bazu, kada ƙafar ta huda ƙasa ta nutse. Baba yakan ce, “Duba tafin raƙumi, ka duba kofaton jaki, sannan ka gaya mini wanda yashi ke haɗiyewa.” Katakan da suka zo tare da motar ƙanana ne a ganinsa, saboda haka ya tafi kasuwar Omdurman wurin kafinta, ya zaɓi itacen bagaruwa, aka jera shi hawa-hawa a gicciye, aka ɗaure da ƙusoshi, aka sa wa kowane mariƙin igiya. Takalma yake kiran su. Ya ce motarsa ba ta aiki ba takalmi.

Da katakon nan na fara kishi kafin in yi da mutum. Ina yarinya yakan kawo su gida ranar hutunsa, ya zauna a inuwar darbejiya, ya kankare taɓon da ya maƙale, ya duba ko akwai tsaga, ya shafe su da mai a hankali yana 'yar waƙa a hanci. Ni ina gefe da kitso sabo, ina juya kai ko zai lura. Inna, Allah ya jiƙanta, takan ce, “Malam, ga wani katakon nan yana jiran mai.” Sai ya ɗago ya ce, “Kwayyis, ya yi kyau,” ya koma kan aikinsa.

Ƙasar garin nan ya san ta kamar yunwar cikinsa. Ya san inda baƙar ƙasa take, wadda ke tsattsagewa da rani ta koma kunu da damina. Ya san kwalta tana laushi da tsakar rana har ƙarfe ya shige ta. Ya san unguwannin da aka rufe tsofaffin rijiyoyi da masai da siminti aka manta da su. Duk inda ya tsayar da mota sai ya sauko ya taka wurin, ya soka ɗan sandan ƙarfensa, ya share duwatsu da tafin hannu, ya kwantar da katako, ya tabbata ƙafar za ta sauka a tsakiyarsa cif. Halin ya bi shi har gida. Ba ya zama a kujera sai ya danna ta da hannu. Wanda ya zo neman aurena sai da Baba ya aike shi gyaran famfo da ɗauko buhun gawayi kafin ya amsa masa sallama da fara'a. Maganarsa guda ce, mun haddace ta kamar Fatiha: “Ƙasar da ba ka gwada ba, kada ka ɗora mata kaya.” Idan kuma yana cikin raha sai ya ƙara, “Tsani ba daga sama yake faɗuwa ba, daga ƙasa ne.”

Labarin 'Yar Tsani ban gan shi da idona ba, amma an ba ni shi har na gaji da ji. Wata rana da tsakar rana wuta ta tashi a wani bene a kasuwar Suk al-Arabi. A hawan sama akwai shagon teloli, akwai kuma wata budurwa, sa'ata, da ke yi musu shara da shayi. Mutanenta daga yamma fari ya koro su, iyayenta sun rasu, ita kaɗai ce. Teloli suka tsere, hayaƙi ya tare mata matakala, ta maƙale a taga tana ihu.

Baba ya kutsa da motar cikin lungu, ya tsaya daidai ƙarƙashin tagar. Da ya sauko ya taka ƙasa, sai ya ji wurin da ƙafar baya za ta sauka yana amsa masa kamar ganga. Murfin siminti ne a kan rami. Ya koma ya hau, ya ja motar da baya. Jama'a suka ɗauka gudu zai yi. Aka yi ta zaginsa da Larabci da Hausa da harsunan da bai sani ba, wani ya jefe shi da dutse ya fasa masa gira. Ya sake daidaita motar a gaba kaɗan, ya durƙusa jini na zuba masa a ido, ya jera takalman nan ɗaya bayan ɗaya, ya sauke ƙafafu, sannan ya ɗaga tsani. A cikin wannan jinkirin wuta ta kama hannun yarinyar na hagu.

Ga abin da kullum nake so a lura da shi: ba ma shi ya hau ya sauko da ita ba. Abokin aikinsa ne, wannan da ya daddaki ƙasa a wurin rumfa. Shi Baba yana ƙasa yana riƙe da injin tsani. Sai da aka sauko da ita ta sulale, ya tare ta, ya ɗauke ta cak a hannu har motar asibiti. Iyakar ɗaukar ke nan. Amma ba wanda ya taɓa jin ta kira wancan bawan Allah Yaba.

Goggo ta taɓa tambayarsa, “Yaya, da ka sa ƙafar a kan murfin, karyewa zai yi?” Ya ce, “Ban sani ba. Shi ya sa.”

Washegari ya je asibiti duba ta, ya tarar ba kowa a kanta. Daga ranar ya ɗauke ta. Ni na riƙa dafa miyar da yake kai mata, kuma ko sau ɗaya bai ce mini miyar ta yi daɗi ba, sai dai ya dawo ya ce, “Yarinyar nan ta cinye tas.” Da ta warke ya samo mata murhu da kujeru 'yan ƙanana, ta kafa teburin shayi kusa da tashar motoci. Da ta samu miji, wani mai gyaran raksha, wato babur mai ƙafa uku, a Alhilla Kuku, Baba ne waliyyinta. Mutanen unguwa suka laƙaba mata 'Yar Tsani, ita kuma ta karɓi sunan da hannu biyu. Alheri ne, na sani, Allah ya sa a mizani. Mutum yana iya sanin abu alheri ne, ya kuma ji yana ci masa rai.

Bayan ritaya tashar ta samu sababbin takalma na zamani, Baba ya roƙi tsofaffinsa ya kawo gida, ya jingine su a gefen randa. Sai ya tsiri wata al'ada. Yakan sa jallabiya mai guga, ya hau bas ya ƙetare gada zuwa Khartum, wai shan shayi. A gidan nan akwai shayi, akwai sukari, akwai ni. Goggo ta taɓa wucewa ta wurin ta dawo tana riƙe haɓa. Ta ce, “Na ga ubanki yana dariya har hula ta faɗi. Ashe yana da haƙoran gefe?” A gida kuwa abin da nake samu shi ne, “Gishiri ya yi yawa,” ko, “Wa ya matsar mini da buta?”

Lokacin mijina ya rasu, na dawo gida da 'ya'yana, Inna ma ta riga mu gidan gaskiya. Sai gwiwoyin Baba suka fara ƙi, daga baya ɓarin jikinsa ya yi nauyi. Mutumin da ke ɗaga tsani sama da bene ya zama ba ya iya tashi daga angarib sai da taimako. Aka sayo masa sanda, ya juya ta ya danna, ya ce ba ta da gindi. Yayana ya aiko da keken guragu, ya ce a ba mabuƙata. Kafaɗata kawai yake so. Zuwa alwala, zuwa bayi, zuwa bakin ƙofa shiga raksha, sai ya ɗora tafinsa a kafaɗata ta dama, wuri ɗaya kullum, ya sakar mini nauyinsa duka. Baba kuwa ba ƙaramin mutum ba ne.

'Yar Tsani takan zo ranar Juma'a da lemo da ayaba, tana ƙamshin turare. Ta zauna a bakin gado, su yi ta hira da dariya, ni ina bayan gida kumfar sabulu har gwiwar hannu ina wanke zanen gadonsa. Idan lokacin salla ya yi sai in jiyo ta: “Yaba, riƙe ni mana, ga ni kusa.” Sai in jiyo shi da wata murya mai laushi da ban san yana da ita ba: “A'a, ya bitti, zauna ki huta. Kira mini waccan.” Ita ya bitti, 'yata. Ni waccan.

Sau ɗaya na fashe. Ta tafi ke nan, bawon lemonta na nan a faranti. Na tsaya a kansa na ce, “Baba, ita ce ta shayi da dariya, ni ce ta wanki da ɗaukar kaya? Ni a bola aka tsinto ni?” Na faɗi wannan, na faɗi wasu da suka fi shi. Ya yi ta kallon rufin ɗaki har na ƙare. Sannan ya ce, “Halas? Kin gama? Bakinki sak na uwarki. Zo ki ɗaga ni, la'asar tana wucewa.” Na so in juya in fita. Na sunkuya, ya ɗora hannu a wurin da ya saba, muka tafi wurin buta. Bai sake tayar da maganar ba har ya koma ga Allah.

To, a kwana na biyu na zaman makoki, 'Yar Tsani ta same ni a madafa. Idanunta sun kumbura. Ta ce, “Yaya, ina roƙon abu ɗaya. Ki ba ni ɗaya daga takalman nan, in riƙa ganinsa.” Na ce, “Kayan magada ne.” Na faɗe shi a gaban mata, da ƙarfi, don dattijuwar nan da ta ce mini maƙwabciya ta ji. Goggo ta ja ni gefe ta ce, “Ke, katako za ki yi wa rowa? Ko kafinta ba zai saye su ba.” Na ce, “Goggo, ta samu dariyarsa, ta samu hirarsa. A bar mini ko da itace ne.”

Ranar da aka naɗe tabarmi, baƙi suka watse, masu rumfa suka kwashe ƙarafansu. Na ɗauka 'Yar Tsani ma ta tafi. Sai na tarar da ita durƙushe a gindin famfo tana wanke kofunan shayi, ta naɗe hannun riga, tabon ƙunar yana sheƙi daga wuyan hannu har gwiwa. Na zauna na kama ɗauraya.

Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, “Yaya, kin san wallahi na daɗe ina jin haushinki?”

Na ce, “Ke? Ni?”

Ta ce, “Ai, ni. Ni sau ɗaya ya ɗauke ni, ya ajiye. Tun daga ranar yake lallaɓa ni kamar ƙwai. Kina ji muna dariya, ba ki ga inda idonsa yake ba. A kan hannun nan yake. Kullum kamar yana ba ni haƙuri, ni kuma na ce masa malesh, ba komai, tun a asibiti, bai ji ba.” Ta ajiye kofi da ƙarfi. “Kin tuna Juma'ar da kika tafi karɓo magani, motoci suka cushe a gada? Azahar ta yi, ta fara wucewa. Na durƙusa a gabansa, na ce Yaba ga kafaɗata, ina ɗaukar jarkar ruwa kullum, ba zan yar da kai ba. Har kuka na yi masa. Ya ce a jira ki. Mutumin da ba ya wasa da salla, ya zauna yana kallon ƙofa har kika shigo.”

Na tuna ranar. Na shigo a gajiye, ko mayafi ban cire ba ya ce in zo in ɗaga shi, na yi ta gunaguni a raina cewa ga ta nan zaune ba ta da aikin yi.

Ta share hanci da bayan hannu ta ce, “Kin fi ni sanin mutumin. Ba ya ɗora kaya inda bai gwada ba. Ni har ya mutu bai taka ni ya ji ko zan riƙe ba.”

Ban rungume ta ba, kada a ƙara mini abin da ban yi ba. Abin da ta faɗa ya shige ni, amma bai kashe kishin ba. Har yanzu da za a ba ni zaɓi, ina son yini guda a kan 'yar kujerar nan ta tashar motoci, in ga hular Baba ta faɗi don wata magana da na yi. Ita ma na san abin da za ta zaɓa. Baba ya raba kansa biyu, ya ba kowaccenmu rabin da ɗayar ke so, ya tafi ya bar mu da kofuna.

Na tashi na je gefen randa, na kwantar da takalman huɗu a ƙasa, na share musu ƙura. Ban taɓa duban su da kyau ba sai ranar. Kowane yana da zagayayyen gurbi a tsakiya, inda ƙafar ƙarfe ta yi shekaru tana dannawa. Na ɗaya ɗan kaɗan ne, da ƙyar yatsa ke jin sa. Na wani kuwa ya lotsa har zai riƙe ruwa, itacen ya yi baƙi ya yi santsi, amma ko tsaga babu. Na ɗauki mai ɗan gurbin ta mariƙinsa na kai mata.

Ta karɓa, ta shafa shi, ta leƙa sauran ukun da ke ƙasa. Sai ta yi dariya hawaye na zuba. Ta ce, “Na san wannan za ki ba ni.”

Na ce, “Shi ne naki.”

Ta ɗora shi a ka, na raka ta bakin layi ta hau raksha. Biyu na ajiye wa Yayana da Goggo. Wanda ya fi lotsawa yana ɗakina, ranar Juma'a nakan shafa masa mai.

Allah ya jiƙan Baba, ya yafe masa, ya sa ƙasar da muka ba shi ta riƙe shi da sauƙi, shi da bai taɓa zaluntar ƙasa da nauyin da ya fi ƙarfinta ba. Wanda ya karanta wannan ya yi masa Fatiha. Kafaɗata ta dama har yau takan yi tsami idan la'asar ta yi. Goggo ta kawo mini man zafi, yana nan a kan taga ban buɗe ba.